Koyon Turanci a Gida: Rediyo Kaɗai Bai Isa Ba

'Yan'uwa, a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya soke tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa, aka koma Turanci. Nauyin zai faɗa kan yaran Tambuwal da Kebbe, waɗanda yawancinsu ba sa jin Turanci a gida. Mun gani a 2020, da korona ta rufe makarantu aka koma darasi ta rediyo: yaro yana maimaita kalma, amma rediyo ba ya jin kuskurensa. Saboda haka, a samu yayansa ko malamin makarantar Lahadi ya zauna da shi, ya fassara, ya gyara. A fara da karatun Hausa. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali, Turanci ba zai tsorata shi ba.