Kafin Ka Kafa Shawa, Nema Wa Ruwa Hanya

Ni malamin ɗakin magani ne a nan ƙasar Kadawa, ina da magana da kai a kan wurin wanka.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, ruwa ya wadata a Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da alkama da tumatir sun kawo kuɗi. Yanzu wanda ya sami hali sai ya ɗora tanki a bisa, ya ajiye baho da bokiti, ya kafa shawa. Ina goyon bayan wannan ƙwarai, gama yaron da ya yi wanka a gida ba shi da dalilin shiga kanal, inda katantanwa ke sakin ƙwayar tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini.

Amma ga inda mu ke kuskure. Mukan kashe kuɗi wajen shigo da ruwa, mu manta da hanyar fitarsa. Mai wanka da bokiti, bokiti guda ya ishe shi. Shawa kuwa cikin minti biyu ko uku ta zubar da bokiti. 'Yar rariyar da aka huda a gindin katanga ba ta iya ɗaukar wannan. Sai ruwa ya kwanta a lungu, ya zama kwatami.

Ruwan kwance, mai dauɗa da marar dauɗa, ko wanne da irin sauron da ke sonsa. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Bara wata mata ta kawo mini ɗanta sau uku cikin wata biyu, yau zazzaɓi, gobe gudawa. Da na bi ta gida, sai na tarad da sabuwar shawa, ruwanta kwance a ƙofar ɗaki, yara na wasa a ciki, gindin katangar maƙwabci ya jiƙe har ya fara zaizayewa. Kuɗin maganin da suka kashe ya isa sayen bututu.

To, ga yadda za ka yi.

Na fari, a daɓe wurin wankan da siminti, a karkata daɓen zuwa bakin magudana, a sa wa bakin raga don ta tare gashi da soso.

Na biyu, bututun ya zama mai faɗin inci 2. Wanda a kan sa wa baho inci ɗaya da rabi ne, yana saurin toshewa. A ko wace ƙafa guda ta tsawonsa, ya gangara da rubu'in inci.

Na uku, ka ce wa mai aikin famfo ya sa gwiwar nan mai lanƙwasa a ƙarƙashin magudana. Ɗan ruwan da ke zama cikinta shi ke tare wari da kyankyaso.

Na huɗu, bututun ya ƙare cikin rami, ba a kan hanya ba. A cika ramin da duwatsu, manya a ƙasa, tsakuwa a bisa, sa'an nan a rufe shi ruf. Ya yi nisa da rijiya kamar taku 40, ya kuma ja da baya daga katanga. Ka lura, mu nan ban-ruwa ya sa ruwan ƙasa ya matso sama a wurare da yawa. In ka fara haƙa ka ga danshi, kada ka zurfafa. Yi rami mai tsawo marar zurfi, ka dasa ayaba a gefensa ta riƙa shanyewa.

Wani zai ce, "Malam, wannan ai kashe kuɗi ne." Gaskiya ne, akwai kuɗin bututu da siminti. Amma duwatsu da haƙa aikin hannunka ne na yini guda, kai da samarin gida. In kuwa ba hali bana, zauna da bokitinka tukuna, ka gyara rariyarka. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Tun ran gini ran zane. Haƙa ramin kafin ka sayi tanki. In ka rasa gane wurin da ya dace, kira duba-gari ya nuna maka, ko ka zo ɗakin magani mu yi shawara. Allah shi ba mu lafiya, mu da iyalinmu.