Takin da ya dace da garakenmu

Azola ƙaramin tsiro ne mai yawo bisa ruwa. Cikin ganyensa akwai ƙwayoyin halitta masu jawo azot daga iska, wato abincin shuka irin na takin zamani. Manoman shinkafa na ƙasar Sin sun daɗe suna takin gona da shi. Amma yana buƙatar ruwa kwance, kuma in zafi ya wuce digiri 35 girmansa yakan ragu. A Agadas kuwa zafin bazara yakan wuce digiri 40, ruwan rijiya kuma sai da wahala. Saboda haka muna ganin kada mu ɓata ruwanmu kan azola. Wake yana yin wannan aiki da saiwarsa. In mun cire albasa, mu shuka wake, mu bar saiwar cikin ƙasa.