Allon da ba ya shan caji ya fi dacewa da ɗalibai

Duk wanda ya taɓa karatu a waya da rana tsaka ya san wahalar: rubutu ya dusashe, ido ya yi yaji, batir kuma na ta zuba. Allon E Ink, wato takardar lantarki, ba shi da wannan matsala.

A cikinsa akwai miliyoyin ƙananan ƙwanso masu ɗauke da ƙwayoyi farare da baƙaƙe, kowane iri da cajinsa. Da zarar an juya shafi, wuta za ta tura wasu sama, wasu ƙasa, rubutu ya bayyana. Daga nan allon ba ya ƙara jan wuta sai an sake juyawa. Hasken waje yake amfani da shi kamar takarda, don haka rana ƙara masa kyau take yi. Shi ya sa na'urorin Kindle, da Amazon ta fara fitarwa a 2007, kan yi makonni da caji ɗaya. Manyan kantuna ma da shi suke nuna farashin kaya.

Tabbas bai dace da bidiyo ba, launukansa kuma ba su da armashi. Amma ɗalibin da wuta ba ta zama a unguwarsu karatu ne a gabansa. Masu shirin raba wa makarantu kwamfutar hannu su fara auna wannan allo kafin su kashe kuɗi.