Wayar da ke kulle ba taka ba ce, ko da ka biya kuɗinta

'Yan uwa ɗaliban ADSU, Federal Poly da Health Tech.

Duk farkon zango labarin ɗaya ne. Mutum ya tara kuɗin aljihu, wani har da dubu 20 ɗin NELFUND na watanni, ya shiga kasuwa neman iPhone "London used". Mai shago ya ajiye masa guda biyu iri ɗaya sak, ya ce wannan "factory" ce, wannan kuma "chip", kuma ta chip ɗin ta fi sauƙi sosai. Sai ɗan uwanka ya ɗauki mai sauƙin yana murna ya yi wayo. Ni kam a ganina araha ba ta ado, kuma ga dalili.

A Amurka kamfanonin waya irin su AT&T da T-Mobile bashi suke ba mutum waya, yana biya wata-wata har shekara 2 ko 3. Don kada ya ɗauki wayar ya koma wani kamfani, sai su kulle ta a kan layinsu. Kullen nan ba wani maɓalli ba ne da mai gyara zai taɓa. Lambar IMEI ta wayar ce aka yi wa rijista cewa ta kamfani kaza ce, kuma kamfanin kaɗai ke da ikon sakinta. Sharaɗinsu a fili yake: a gama biyan kuɗin, kuma kada a ce an kai rahoton ta ɓata ko an sace ta. In an cika sharaɗi, buɗewar kyauta ce. To ka tambayi kanka: abin da ake buɗewa kyauta, me ya sa ya iso Mubi a kulle? Sau da yawa akwai bashin wani a kanta, ko abin da ya fi bashi muni.

Shi kuwa chip ba buɗewa ba ne fa. Ɗan siririn abu ne da ake shimfiɗawa tare da sim don a yaudari wayar. Yau tana aiki, gobe ka sabunta manhaja ko ka canza layi, sabis ya ɗauke, sai ka koma wurin mai gyara ka sake biya.

Mu kuma a Mubi canza layi ba ado ba ne, dole ce. MTN ya yi sanyi a hostel ka koma Airtel, data ta ƙare ka ari sim ɗin abokinka don ka biya kuɗin makaranta kafin a rufe shafin rijista. Ga waɗanda ke tsallakawa Kamaru ta Sahuda lokacin hutu, ziyara ko ɗan kasuwanci, su sa Orange. Wayar da ba ta yarda da wannan rayuwar ba, ina amfanin kyan kyamararta? Ranar da za ka sayar da ita ma, mai shagon da ya ce maka "ai duk ɗaya ne" shi zai fara karya mata daraja.

Na san wani zai ce, "Malam, abin da aljihuna ya kai ke nan." Gaskiya ne, kuma ba laifi mutum ya saya in ya san abin da yake saya. Matsalar ita ce wanda aka ɓoye wa. Kanada ta hana sayar da waya a kulle tun Disambar 2017, Ingila ta bi sahu a Disambar 2021. Mu a nan ba mu saba da kullen kamfani ba, tunda waya daban muke saye, sim daban, shi ya sa ake cin mu cikin sauƙi. Amma dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yaudarar mai saye game da kaya. Addini ma ya riga doka: ɓoye aibin haja haramun ne.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka yi waɗannan a gaban mai shago:

1. Ka sa sim ɗinka da hannunka, ka cire ka sa na wani kamfanin, ka yi kira da kowanne.
2. A iPhone ka shiga Settings, General, About. In ba ka ga "No SIM restrictions" ba, a kulle take.
3. Ka danna *#06# ka ga IMEI, a rubuta maka ita a rasit tare da cewa wayar a buɗe take.
4. A goge wayar a sake kunnawa. In ta nemi iCloud ko Gmail na wani, ka ajiye ta ka yi gaba.

Haka nan wayar da ɗalibi ɗan uwanka zai sayar maka cikin gaggawa, ka tambaya ko ta biyan kaɗan-kaɗan ce. Irin waɗannan daga nesa ake kulle su ranar da aka fasa biya, kuma a hannunka za ta mutu.

Shugabannin SUG, wannan ma walwalar ɗalibai ce. Minti goma a taron sababbin ɗalibai ya isa a yi wannan bayani. Masu shaguna kuma, don Allah ku riƙa faɗin gaskiya. Ɗalibin da ka rufa wa asiri yau, shi zai kawo maka 'yan ajinsu gobe.

A tura wa 'yan 100 level da ND1, su aka fi ci. Allah Ya sa mu dace.