Malamin Waƙa A Cikin Waya



Wata uwargida ta aiko mini da takarda daga Illo. Ta ce 'yarta da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ta dame ta da aron waya, wai malaminsu ya ce akwai manhajar da ke koya wa mutum waƙa da kiɗa. Ta ce ita dai a saninta kiɗa sana'ar maroƙa ce, gidansu kuwa ba su gada ba. Ta ba ta, ko ta hana?

Uwargida, ki ba ta, amma ki zauna kusa. Ga dalilina.

Waƙa tana cikin darasin al'adu da fasaha, wanda yara su ke kira CCA, ana kuwa tambayarsa a jarrabawar aji uku kamar sauran darussa. Ba wanda ya ce 'yarki za ta rataya kalangu ta bi gidajen biki. Abin tausayi shi ne, makarantunmu da yawa ba su da ko abin kiɗa guda. Malami ya zana layuka biyar a allo, ya ɗiga baƙaƙen ɗigo a kansu, yara su kwafa, su haddace, ba su taɓa jin amon ko ɗaya ba. Kamar a koya wa yarinya tuƙin tuwo a takarda ne, ba ta taɓa riƙe muciya ba. Ku tuna kuma abin da ya faru a watan Mayu na 2024, sa'ad da aka komo da tsohon taken ƙasa, wanda aka yi aiki da shi daga 1960 zuwa 1978. Mu malamai matasa ba a ko haife mu ba lokacin da aka ajiye shi. A waya muka ji shi, muka koya, sa'an nan muka tsaya gaban yara da safe.

Manhajojin kuwa iri iri ne. Akwai Perfect Piano, wadda ke shimfiɗa maɓallan fiyano a fuskar waya, ki taɓa ki ji amo. Akwai Perfect Ear, mai horon kunne: ta buga amo biyu ta tambayi yarinya tazarar da ke tsakaninsu, ko ta buga kiɗa ta ce a maimaita da yatsa. Duolingo, wadda aka sani da koyar da harsuna, ta ƙara darasin kiɗa a 2023. Su Yousician, ta ƙasar Finlan, da Simply Piano, sun fi amfani ga mai jita ko fiyano na gaske a ɗaki, gama sauraro su ke yi ta kunnen waya su gaya maka ko ka buga daidai. Mu nan wa ke da fiyano a ɗaki? Saboda haka biyun farko sun ishe mu.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu na bakin iyaka. Daga Lolo ko Tsamiya taki kaɗan ne zuwa ƙasar Binin, 'yan'uwanmu suna Malanbil da Segbana, ana aure, ana cin kasuwa, wayoyi ma suna ƙetarowa a hannun mutane, wata ta zo da Faransanci a cikinta. To, Ingilishi haruffa ya ke sa wa amo, watau C, D, E, F, G, A, B. Faransanci kuwa do, ré, mi, fa, sol, la, si ya ke cewa, do ɗinsu kuma a kafe ya ke, kullum shi ne C. A ajinmu do yana tashi ya koma duk inda aka ɗauko waƙa, na bakwai kuma ti mu ke ce masa. Yarinya sai ta ga waya ta ce si, malami ya ce ti, ta rikice ta ɗauka ita ce daƙiƙiya. Ki duba harshen wayar tukuna, ki mai da shi Ingilishi in don jarrabawa ne.

Yanzu ga inda na ke so mu daɗe. Waɗannan manhajoji an yi su ne don kiɗan Turawa, wanda ke hawa bisa amo bakwai. Waƙoƙinmu na gargajiya da yawa amo biyar su ke hawa. In kina so ki gani da kanki, ki ce yarinya ta bar fararen maɓallai ta bi baƙaƙen kaɗai, tana laluben wata waƙar gaɗa da ta iya. Sau da yawa za ta same ta a can, ko kusa da ita. Na gwada wannan da 'yan ajina, ranar kuwa har aka buga ƙararrawa ba wadda ta motsa.

Amma waya ba ta jin Hausa. Harshenmu hawa da saukar murya ne ke raba ma'ana. Kuka na ido dabam, kuka ta miya dabam. Baba mahaifi dabam, baba na rini dabam, alhali rubutunsu ɗaya. Mawaƙin Hausa yana lura da wannan hawa da sauka in ya ɗora kalma a kan karin waƙa, shi ya sa mai kalangu in ya matse igiyoyin ya saki, sai ka ji gangar tana magana, har ka gane wanda ta ke kira. Manhaja tana iya ba yarinya maki cikakke don ta kama amo, alhali ta karya kalma har kakarta ba ta gane abin da ta ce ba. Ban kuma ga inda suka koyar da shantu, ko kiɗan ƙwarya irin na marigayiya Barmani Choge wadda ta rasu a 2013, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos wanda ya rasu a 2015 ba. Balle lugude, wanda mata uku za su kama turmi ɗaya, taɓare suna sauka ba mai karo da wata. Wannan ma ai lissafin bugu ne, shi manhaja ke wahalar koyarwa da ɗigo da layi, iyayenmu kuwa sun iya shi tun ba su kai aure ba.

Don haka ni a ganina manhajar da ta fi duka amfani gare mu tana cikin kusan ko wace waya tun daga kanti, watau mai ɗaukar murya. Ba ta cin data, ba ta neman kuɗi. Tun da injin niƙa ya shigo gari waƙoƙin niƙa su ke tafiya da masu su, waƙoƙin reno da na daɓe ma haka. A wannan ƙasa tamu ta Bagudo kuwa ba Hausa kaɗai ake waƙa da ita ba, akwai Fulatanci, da Dandanci, da harshen Kyangawa da na Busawa. Ina kamfanin da zai zo ya ɗauka mana su? 'Yar makaranta, ki je wurin kaka da goronki, ki gaishe ta, ki roƙe ta ta rera miki guda biyu, ki ɗauka. Ki nemi izininta tukuna, kada kuma ki watsa muryarta ga mutane ba da yardarta ba. In kin komo ki rubuta kalmomin a littafi, da sunan garin da ta koyo ta, sa'an nan ki nemi amonta a baƙaƙen maɓallai. Wadda ta yi wannan sau biyar, layukan nan na allo ba za su ƙara ba ta tsoro ba.

Saura maganar kuɗi, uwargida. Waɗansu manhajojin sukan ce kyauta ne na 'yan kwanaki, su nemi lambar katin banki, in kwanakin sun cika su dinga cira ba sallama. Kada yarinya ta sa lambar kati ko ta danna talla ba da saninki ba. Ki sauke manhajar ranar da kike da data, ki gwada ko tana aiki in an kashe intanet. Ki kuma lura da layi, gama a bakin iyaka waya takan kama na Binin da kanta, kuɗin kuwa ba ɗaya ba ne.

Rabin sa'a bayan la'asar, a tsakar gida inda kike gani, ya ishe ta. In lokaci ya cika ki karɓi abarki, ko da tana tsakiyar do, re, mi.