Gaiwa ba maciji ba ce, mu duba kafin mu ɗaga sanda



Idan rani ya yi nisa, tafkuna da kududdufai suna ƙafewa. A lokacin ne magidanta ke haƙa laka don yin tubali. Wani lokaci magirbi yakan tono wani abu mai tsawo, a naɗe cikin busasshiyar laka, kuma yana da rai. Wasu su ce maciji ne, su kashe shi. Wasu su ce asiri aka binne, su watse. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma sau da yawa abin nan gaiwa ce, kuma gaiwa kifi ce. Ya kamata kowane gida ya iya bambanta ta da maciji, domin a cikin wannan sani akwai abinci, akwai kuma ceton rai.

Kamanninta sun rikita har masana. A shekarar 1839 wani masani na Ingila, Richard Owen, ya bayyana wata da aka kawo daga kogin Gambiya. An daɗe ana gardama: kifi ce ko dangin kwaɗo? A Amurka akwai wata dabba dangin kwaɗo, ana ce mata salamanda, wasu irinta suna da dogon jiki kamar gaiwa. Amma babu salamanda a ƙasashen da ke kudu da Sahara. Wadda muke gani a fadamun Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba gaiwa ce.

Ga alamomi 4 da za ku gane ta:

1. Tana da wasu siraran hannuwa 4 kamar zare, 2 bayan kai, 2 wajen wutsiya. Maciji ba shi da su.
2. Jikinta yana da santsi da yauƙi. Fatar maciji a bushe take.
3. Wutsiyarta tana da faɗi kamar ganye, ta yi tsini a ƙarshe.
4. Ba ta fiddo harshe mai reshe biyu kamar maciji. Ba ta da gashin baki kamar tarwaɗa.

Launinta ruwan ƙasa ne da ɗigo-ɗigon baƙi. Babba takan kai mita 1.

Yaya kifi ke rayuwa ba ruwa? Gaiwa tana da huhu, tana shaƙar iska kamar mu. Idan ruwa ya fara ƙafewa, sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta. Yauƙin jikinta ya bushe, ya zama kamar jaka. Tana barin ƙaramar kafa ta numfashi. Haka take kwanciya wata da watanni ba ci ba sha, naman jikinta ne ke riƙe ta, har ruwan sama ya sauka. Da damina take yin ƙwai a cikin rami, namijin kuma ya tsare ƙwan.

Gaiwa ba ta da dafi, amma haƙoranta suna da ƙarfi. Kada yaro ya sa yatsa a bakinta. In ta ciji mutum, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a nuna wa likita. Maciji kuwa wani abu ne daban. Kububuwa da kasa da gamsheƙa suna kisa. In an yi shakkar abin da ya sari mutum, a ɗauka maciji ne. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A hana shi yawan motsi, a kai shi gidan likita nan da nan.

Wani zai ce: tun da nama ce, me zai hana mu haƙe su duka? Gaskiya ne gaiwa abinci ce mai gina jiki, kuma tana samuwa a rani, lokacin da miya ta yi ƙaranci. Amma manomi ba ya cinye irin shuka. Gaiwar da ke kwance a laka ita ce irin baɗi. In an tone kowace kafa, tafki zai cika da ruwa, amma babu mai yin ƙwai. Bayan haka, gaiwa tana cin katantanwar ruwa, kuma a jikin wasu katantanwa ne ƙwayar cutar fitsarin jini ke girma. Wannan bai isa magani ba, yara su daina fitsari da wanka a tafki, amma taimako ne da bai kamata mu zubar ba.

Saboda haka, a ɗauki manya, a bar ƙanana. Kowane gari ya ware gefe ɗaya na tafki inda ba a haƙa. Kada a wanke famfon feshin maganin ƙwari a cikin tafki, domin guba tana kashe kifi, tana cutar da dabbobi da mutane. Mai gari da malamin gona su taimaka a tsai da wannan shawara. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa, ya kuma koya wa yaransa alamomin nan 4.

Allah ya ba mu damina mai albarka.