RA'AYINMU: Kafin motar lantarki ta shigo Kilomita Biyar

Duk ɗan kasuwar da ya leƙa Dubai ko biranen ƙasar Sin domin saro kaya a 'yan shekarun nan, ya ga yadda manyan motoci masu aiki da batir, irin su Tesla da BYD da Mercedes EQS, suke ta ƙaruwa a kan tituna. Ba su da ƙara, ba su da hayaƙi, kuma ba ruwansu da gidan mai. Don haka ba abin mamaki ba ne idan wani Alhaji a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi, wadda aka fi sani da PK5, ya soma tunanin sanyo guda ɗaya a kwantena. Jaridar nan ba ta ga aibin mutum ya more halaliyarsa ba. Amma muna ganin ya wajaba mu jawo hankalin 'yan'uwanmu 'yan kasuwa su zauna su yi lissafi tukuna, domin sayen doki daban, ciyar da shi daban.

Dalilin sha'awar wannan mota a bayyane yake. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku. Man da ake sha a Bangi, ko dai ya biyo kogin Kwango da na Ubangi daga Kinshasa a lokacin da ruwa ya cika, ko kuma tankoki su ɗauko shi ta hanyar Duwala a Kamaru. Kowa na tune da dogayen layukan gidajen mai na shekarar 2022, da kuma yadda a watan Janairun 2023 gwamnati ta ɗaga farashin litar fetur daga Sefa 865 zuwa 1,300, na dizal kuma daga 855 zuwa 1,450. An ɗan sassauta daga baya, amma wanda ya taɓa kwana a layi ba zai ƙi motar da za ta raba shi da wannan wahala ba.

To sai dai ita ma motar tana da nata abincin, kuma ba kaɗan take ci ba. Batirin irin waɗannan manyan motoci yana ɗaukar wuta wajen kilowat-awa 100, wato ma'aunin nan da mitar gida ke ƙirgawa, kuma tana cinye kimanin 20 a kowace tafiyar kilomita 100. Idan aka jona ta a soket ɗin gida na yau da kullum, sai ta yi fiye da awa 40 kafin batirin ya cika. Idan kuwa wuta na zuwa awa takwas ne a rana, to mota ta kwana biyar ke nan a ɗaure. Akwai na'urar caji ta musamman da ake kafawa a bango, mai jan kilowat 7, wadda ke gama aikin cikin awa 15 ko ƙasa da haka, amma tana shan wuta daidai da na'urorin sanyaya ɗaki bakwai a kunne lokaci guda.

Ina za a samo wannan wuta? Tun zamanin Turawa, Bangi ta dogara ne da tashoshin ruwa na Bowali, masu nisan kusan kilomita 100 daga birnin. An samu ƙari da tashar hasken rana ta Sakai mai megawat 15 da ƙasar Sin ta gina, da kuma ta Danzi mai megawat 25 da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2023. Wannan ci-gaba ne da ya cancanci yabo. Duk da haka, har yanzu kamfanin ENERCA rabon wuta yake yi unguwa-unguwa, kuma a faɗin ƙasar, waɗanda ke samun lantarki ba su kai mutum biyu cikin goma ba. A nan ma akwai maganar haƙƙin maƙwabtaka. Taransifomar da tela da mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara suke lallaɓawa da ita, ba daidai ba ne mutum ɗaya ya ɗora mata nauyin da zai jefa layin gaba ɗaya cikin duhu.

Wani zai ce ai yana da janareto. Ga lissafin. Litar dizal ɗaya tana ba da wutar da ba ta wuce kilowat-awa uku ba sosai. Ke nan cika batirin zai lashe lita talatin da 'yan kai, domin tafiyar da ba ta fi kilomita 500 ba. Kusan abin da motar dizal za ta sha ke nan a wannan tafiya, ga kuma kuɗin bakin mai da gyaran janareton, ga ƙara da hayaƙi cikin dare. An gudu ba a tsira ba.

Adalci ya sa mu faɗi inda motar za ta iya yin amfani. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce daga gida zuwa shago, zuwa masallaci, zuwa banki a cikin gari ba, da wuya ya ci kilomita 40 a yini. Wutar wannan tafiya, farantan sola shida masu wat 400 za su iya samar da ita a ranar da gari ya yi haske. Sai dai rana da tsakar yini take da ƙarfi, lokacin da motar ke bakin kasuwa. Saboda haka ko dai a kafa farantan a rufin shago, ko a sayi babban batirin ajiya a gida, sannan a yi haƙuri da kwanakin hadari na damina. Mai hali zai iya, amma ya sani wannan wani jarin ne na daban a kan kuɗin mota da na jirgi da na kwastan.

Babbar matsalar tana ga hanya. Ɗan kasuwa ba mazaunin gari ɗaya ba ne. Daga Bangi zuwa Garwa-Bulai a bakin iyakar Kamaru, ta Bowali da Yaloke da Buwar, tafiyar kimanin kilomita 600 ce. Mota mai ɗauke da mutane da kaya, na'urar sanyi a kunne, ga ramuka da hawa da gangara, ba za ta kai ba da caji ɗaya. Mai motar fetur idan ya ƙare a hanya, yana samun 'yan bumburutu da kwalabe a kusan kowane ƙauye. Wutar da za ta cika irin wannan batir kuwa ba a sayar da ita a kwalba.

Sai kuma gyara. Waɗannan motoci sun haura tan biyu, kuma batirin a shimfiɗe yake a ƙarƙashinsu, inda dutse da rami da ruwan damina suke fara taɓawa. Gaskiya ne ba su buƙatar juyen mai ko canjin fulogi, amma ran da batir ko kwamfutar motar ta samu matsala, bakaniken da ya ƙware a Toyota ba shi da abin yi, kuma taɓa wayoyinta ba da sani ba na iya halaka mutum, domin ƙarfin wutar ya kai bolt 400 ko fiye. Kamfanoni kan ba da garantin shekara takwas a kan batir, amma ya kamata mai saye ya tambaya a rubuce ko garantin zai biyo motar har Bangi, da kuma wanda zai biya kuɗin mayar da ita Duwala idan ta tsaya. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mutanen Kilomita Biyar ba sa buƙatar a tuna masu abin da ya faru a 2013 da 2014, lokacin da aka wawashe shaguna, dubban jama'a suka yi gudun hijira zuwa Cadi da Kamaru. Haka kuma daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 'yan tawaye sun toshe hanyar Kamaru, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a Garwa-Bulai, kaya suka yi tsada a kasuwa. Darasin da ke cikin wannan shi ne, dukiyar ɗan kasuwa a irin wannan wuri ita ce wadda zai iya juyawa ko ya sayar cikin gaggawa. Hilux ko Land Cruiser tana da mai saye a Ngaundere ko Njamena a kowane lokaci. Motar alfarma ta lantarki kuwa, mai sayenta a hannu na biyu sai an tona, kuma farashinta na faɗuwa da tsufan batir.

Wannan ba ya nufin mu juya wa zamani baya. Ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024, amma ta yi hakan ne tana da madatsar ruwa mai ƙarfin fiye da megawat 5,000, wadda aka ƙaddamar a 2025. A Kigali da Kwatano da Lome kuwa, da babura aka fara: ɗan acaɓa ya shiga tasha, ya ajiye batirin da ya ƙare, ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci. A Nijeriya ma, tashar cajin da aka buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021 da hasken rana take aiki. Batirin babbar mota guda ɗaya ya ishi babura fiye da ashirin. A nan ne muke ganin ribar take ga mai jari, kuma a nan ne talaka zai ji sauƙin kuɗin sufuri.

Saboda haka muna kira ga gwamnati da ta ci gaba da faɗaɗa samar da wuta da gyara layukan rabonta, ta kuma sauƙaƙa kuɗin fito a kan farantan sola da batura da baburan lantarki, maimakon motocin ƙawa. Kamfanin ENERCA ya fito da ƙa'ida bayyananna a kan kafa na'urar caji a gidaje, tun kafin rigima ta tashi tsakanin maƙwabta. Su kuma shugabannin 'yan kasuwar PK5, muna ba su shawara su haɗa hannu su sa sola a rufin rumfuna da shaguna, su kuma ɗauki nauyin wasu daga cikin samarin unguwa su je su koyo gyaran batir da baburan lantarki.

Wanda kuma ya ce shi lallai sai ya saya, to ya tabbata ya mallaki wutarsa ta kansa, ya san wanda zai gyara masa, yana da wata motar ta tafiya mai nisa, kuma kuɗin ba daga cikin uwar jari ya ciro su ba. In ɗaya daga cikin waɗannan huɗu ya gagara, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa wa kasuwa albarka, amin.